Monorel, MRT ko Grab: Wanne Baƙo Zai Hau a Kuala Lumpur?

Wanda ya shigo Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, karon farko, ko ɗalibi ne da ya zo rajista, ko ɗan kasuwa, ko mai rakiyar mara lafiya, abin da ke fara ɗaukar idonsa a tsakiyar gari shi ne wani ɗan jirgi da ke wucewa ta saman titi, kan doguwar katangar kankare guda ɗaya tal, motoci na bi ta ƙarƙashinsa. Shi ne monorel. Da yawa daga ganinsa sai su ɗauka shi ne jirgin garin, su ce to an samu abin hawa. Wasu kuma tsoro ne ke kama su, su ce wannan abin ai sai ya kife da mutum, su koma wa motar haya ta Grab, wadda ake kira ta waya, har su bar ƙasar. Duka biyun asara suke yi, ɗaya ta lokaci, ɗaya ta kuɗi.

Ra'ayina tun daga farko shi ne: ka hau monorel, amma ka san ranar hawansa. Jirgi ne na kallon gari da na gajeren zango a unguwannin kasuwa. Ba na ranar da ka sauko daga jirgin sama da akwatuna ba ne, ba kuma na ranar da kake tseren kada ka makara ba. Sauran bayanin duk dalilai ne.

Mu fara da yadda abin yake, don tsoron ya ragu. Jirgin ba ɗora shi aka yi a kan katangar ba kawai. Haye ta ya yi, yadda mutum ke haye jaki, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Akwai tayoyin roba a sama da ke ɗauke da nauyinsa, akwai wasu a gefe da gefe da suka matse katangar, su ne ke hana shi goce wa. Saboda tayoyin roba ne, ba za ka ji ƙarar ƙarfe kan ƙarfe irin ta jirgin Kaduna zuwa Abuja ba. Abin da za ka ji shi ne gurnanin inji da 'yar jijjiga a tafin ƙafa, sannan idan ya zo kwana sai ya ɗan karkata. Karkatar nan ita ce ke sa baƙo ya damƙi ƙarfe yana salati, alhali 'yan gari ko ɗaga kai daga waya ba sa yi. Da gangan aka gina kwanonin a karkace, don jirgin ya iya bin lanƙwasar titi tsakanin benaye.

Layin gajere ne ƙwarai: kilomita 8.6, tashoshi 11, daga KL Sentral, babbar tashar jiragen ƙasa ta birnin, a kudu zuwa Titiwangsa a arewa. An fara aikinsa a 1997, sai matsalar tattalin arziki da ta auka wa ƙasashen Asiya a shekarar ta tsayar da shi. Da aka dawo, kamfanin Hitachi na Japan ya fita daga aikin, wani kamfanin cikin gida ya ƙera taragun. Firaminista Mahathir Mohamad ya buɗe shi ranar 31 ga Agusta 2003, ranar bikin 'yancin ƙasar. Kamfanin da ya fara gudanar da shi bashi ya yi masa katutu, shi ya sa a 2007 kamfanin gwamnati na Prasarana ya karɓe shi, kuma har yau yana ƙarƙashin harkar sufurinsa mai suna Rapid KL tare da LRT da MRT (sauran jiragen ƙasa na cikin gari, waɗanda suka fi shi girma) da bas-bas ɗin birnin. (Wanda ya taɓa ganin ginshiƙan monorel ɗin Fatakwal, da aka kafa aka bar su a tsaye ba fasinja, ya san cewa kammala irin wannan aiki ma abin a yaba ne.)

Wannan tarihin yana da amfani ga mai zaɓen abin hawa, domin shi ne ya sa komai na layin ya zama ƙarami. Da taragu bibbiyu aka fara. Sai daga 2014 aka soma kawo masu tarago huɗu, su ma an taɓa jingine su na wani lokaci a 2017 saboda batun lafiyarsu kafin a gyara a maido da su. Jirgi mai tarago huɗu na monorel yana ɗaukar kimanin mutum 430. Na MRT, shi ma tarago huɗu, yana ɗaukar kimanin 1,200. Ka ga tazarar. Dakalin jiran jirgi a monorel ƙunci gare shi, matakalu ma haka, kuma jira tsakanin jirgi da jirgi ya fi na sauran layukan tsawo. Da safe lokacin tafiya aiki da yamma lokacin tashi, ba abin mamaki ba ne jirgi ya zo maƙil ka ƙyale shi ka jira na gaba.

To, ga gwaji na farko, kuma shi ne wanda kusan kowane baƙo ke fuskanta: daga KL Sentral zuwa Bukit Bintang, unguwar otal-otal da manyan kantuna.

A taswira monorel ne ya fi kama da amsa, tunda ga tasha mai suna KL Sentral, ga mai suna Bukit Bintang, layi ɗaya ba canji. Abin da taswira ba ta faɗa ba shi ne tashar monorel ɗin ba a cikin babban ginin KL Sentral take ba. Sai ka ratsa katafaren kantin NU Sentral, ka hau matakalar lantarki, ka bi alamu ta tsakanin shagunan tufafi da na abinci, kafin ka ɓulla bakin tashar a ɓangaren unguwar Brickfields. Hannu rabbana, wannan ba komai ba ne, ga sanyin na'ura ma. Da akwati biyu da jakar goyo, bayan ka kwana a jirgin sama, wahala ce. Daga nan tsayawa biyar ce: Tun Sambanthan, Maharajalela, Hang Tuah, Imbi, sai Bukit Bintang, kuma jirgin ba ya sauri saboda kwanoni.

MRT layin Kajang, wanda aka kammala a Yulin 2017, yana kai ka unguwa ɗaya da tsayawa uku kacal: daga Muzium Negara zuwa Pasar Seni, Merdeka, Bukit Bintang. Muzium Negara ita ce tashar da ke haɗe da KL Sentral ta wata doguwar hanyar ƙafa mai rufi. Ita ma tafiya ce, kada in ruɗe ka, amma hanyar na da faɗi, an yi ta ne da tunanin masu kaya, jiragen kuma suna zuwa a kai a kai. Ta ƙarƙashin ƙasa yake bi a wannan yanki, saboda haka ba abin da za ka gani sai bangon rami da fuskarka a gilashi. Idan isa kake so, MRT ya fi. Idan gani kake so, ba ma a haɗa su.

Domin gaskiya, a wajen kallo monorel ba shi da na biyu a garin, kuma a nan nake so in daɗe.

Ka zaɓi hantsi, bayan ma'aikata sun gama wucewa, ka hau daga KL Sentral ka tsaya kusa da taga. Da farko jirgin na bin Brickfields, unguwar Indiyawa, inda ake sayar da furannin ado da yadudduka da zinari. Sai ya haye kogin Klang, ya yi wata kwana mai tsanani. Kafin Maharajalela za ka ga Merdeka 118 ta tokare sama, mita 678.9, gini na biyu a tsawo a duniya bayan Burj Khalifa na Dubai. A gindinta filin wasa na Merdeka yake, inda Tunku Abdul Rahman, firaministan ƙasar na farko, ya yi shelar 'yancin kai ranar 31 ga Agusta 1957. A Hang Tuah ga masallacin Al-Bukhary dab da tasha, ga kuma sabon rukunin kantuna da aka gina a filin tsohon kurkukun Pudu. Daga Imbi jirgin ya shiga tsakiyar hada-hada: yana wucewa kusa da tagogin benaye har kana iya hango mutane zaune suna cin abinci a hawa na uku, a ƙasa kuma motoci sun yi cirko-cirko. Ya lanƙwasa ya hau kan titin Jalan Sultan Ismail, ya bi shi tiryan-tiryan ta Bukit Bintang, Raja Chulan, Bukit Nanas, Medan Tuanku. A tsakanin benaye hasumiyar KL mai mita 421 na leƙowa tana ɓuya, tagwayen benen Petronas ma haka. Daga Medan Tuanku sai garin ya canja fuska: gilashi ya ragu, tsofaffin shaguna masu hawa biyu da uku suka fito, rumfunan kasuwa, babura, kayan marmari a tule. Wannan ita ce Chow Kit. Tasha ɗaya gaba, Titiwangsa, tafiya ta ƙare. Duka ba ta wuce minti 20 da 'yan kai ba, kuɗinta kuwa 'yan ringit (kuɗin Malesiya) kaɗan.

Amfanin wannan zagaye ya wuce nishaɗi. Kuala Lumpur gari ne da titunansa ba su miƙe ba, ga gadoji a kan gadoji, ga titunan da ake bi ta hanya ɗaya. Wanda ke yawo a mota ko a ƙarƙashin ƙasa zai yi mako bai san gabas da yamma ba. Wanda ya bi layin monorel sau ɗaya da rana ya riga ya san wace unguwa ce ke bin wace, kuma zai gane cewa wurare da dama da yake shirin kiran mota dominsu, da ƙafa ma ana zuwa.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ya fi yawa. Tagwayen benen Petronas, masu mita 452 da hawa 88, ba a kan layin monorel suke ba. Kana hango su ta taga kamar ka miƙa hannu, amma babu tashar monorel a gindinsu. Tasharsu ita ce KLCC, a kan LRT layin Kelana Jaya, wanda ke tashi daga cikin babban ginin KL Sentral kai tsaye: Pasar Seni, Masjid Jamek, Dang Wangi, Kampung Baru, KLCC. Idan kuma kana Bukit Bintang ne, kada ka hau komai. Daga kantin Pavilion akwai gadar ƙafa mai rufi da na'urar sanyaya wuri da ke kai ka har harabar KLCC cikin kwata ɗin awa ko ƙasa da haka, ba rana ba ruwa. Haka nan hasumiyar KL: tashar Bukit Nanas ce ta fi kusa, amma hasumiyar a kan tudu take, kuma hawan tudun nan cikin zafi da gumin garin ba wasa ba ne ga dattijo ko mai ciwon gwiwa. Nan wurin mota ne.

Wannan layin na Kelana Jaya, af, shi ne wanda ɗalibai za su fi sabawa da shi, domin ƙarshensa na arewa Gombak ne, yankin da Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa take, wadda 'yan Najeriya da dama suka yi karatu a cikinta. Shi da MRT babu direba a cikinsu, kwamfuta ke tuƙa su. Monorel kuwa da direbansa.

Ɗan kasuwa lissafinsa daban. A gare shi monorel na da daraja fiye da yadda take ga kowa, domin ya ratsa wuraren saye da yawa a jere. Hang Tuah ce ta fi kusa da Kenanga, babbar cibiyar sarin tufafi. Imbi a manne take da Berjaya Times Square, kuma daga nan ko daga Bukit Bintang 'yar tafiya ce zuwa Plaza Low Yat, matattarar wayoyi da kwamfutoci. Sungei Wang da Lot 10 suna gefen tashar Bukit Bintang. Medan Tuanku na sauke ka kusa da titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, wanda 'yan gari ke kira Jalan TAR, inda shagunan yadi da hijabai da mayafai suke jere har zuwa Masjid India. Hajiyar da ta zo duba kaya za ta iya zagaya waɗannan duka a yini ɗaya da kuɗin da bai kai na tafiya ɗaya a mota ba. Amma a lura: wannan ranar zagayen duba farashi ce. Ranar da aka yi sari aka ɗauro ƙunshi, a bar monorel ya huta. Ƙofar tikiti ƙarama ce, taragon a cike, kuma babu wanda zai ji daɗin ƙunshinki a kan ƙafarsa, ko da yake mutanen garin ba masu yawan magana ba ne, kallo kawai za su yi.

To ita motar fa? A Malesiya idan an ce mota, Grab ake nufi. A nan Kuala Lumpur aka haifi kamfanin a 2012 da sunan MyTeksi, kuma a 2018 ya sayi harkar Uber ta yankin Kudu maso Gabashin Asiya baki ɗaya, saboda haka kada ka ɓata lokaci neman Uber. Kana sa inda za ka a manhaja, ta nuna maka kuɗin kafin ka amince, kana iya biya da tsabar kuɗi ko da kati. Babu ciniki, babu matsalar harshe, babu hawa matakala. Ga mai iyali, ga tsoho, ga mara lafiya, ga mai kaya, ga wanda dare ya yi masa, babu abin da ya kai ta. Idan kun kai mutum uku ko huɗu kuma zangon gajere ne, bambancin kuɗin da na jirgi bai taka kara ya karya ba.

Sai dai Grab na da maƙiya biyu, kuma sau da yawa tare suke zuwa: ruwan sama da tashin ma'aikata. Ruwan Kuala Lumpur ya fi son la'asar, kuma idan ya tsuge kamar da bakin ƙwarya yake yi. Garin da sai da aka haƙa masa rami na musamman, wanda ake kira SMART, aka buɗe a 2007, don ya riƙa kwashe ambaliya, ka san ruwansa ba na wasa ba ne. Da zarar hadari ya haɗu kowa sai ya ciro waya, farashi ya yi tsalle, direbobi su yi wuyar samu, wanda ka samu kuma ya maƙale a cunkoso yana nuna maka minti 5 har minti 20 su wuce. A irin wannan sa'ar, a titin Jalan Sultan Ismail ko Jalan Imbi, monorel ɗin nan da na ce ba ya sauri shi ne sarkin gudu, domin yana wucewa ta saman kowa. Tashoshinsa suna da rufi, ko da yake a buɗe suke ta gefe kuma feshi kan shigo idan da iska. Yammacin Juma'a ma haka abin yake ko babu ruwa. Ga ƙa'idar da nake bi: tsakanin ƙarfe 5 zuwa 7 na yamma, idan inda za ni na kusa da kowace tashar jirgi, ba na kiran mota.

Kuma Grab na buƙatar waya mai data. Ka sayi layin ƙasar tun a filin jirgi, da fasfo ɗinka ake yin rajista.

Tunda an ambaci filin jirgi: babban filin jirgin, KLIA, na da nisa da gari, a Sepang yake. Jirgin KLIA Ekspres na kawo ka KL Sentral cikin kusan rabin awa a kan ringit 55. Mutum ɗaya mai jaka ɗaya, wannan ya yi. Mutum biyu sun biya 110, wanda a yawancin lokuta ya zarce kuɗin Grab guda daga filin jirgi har ƙofar otal, ko da an haɗa da kuɗin tolget, sai dai motar na cin awa guda ko fiye. Akwai bas kuma, ita ce mafi araha. Duk wadda ka zaɓa, idan ka iso KL Sentral da kaya, ƙarasa da mota. Ka ajiye monorel sai gobe.

Batun biya abu ne mai sauƙi da ke rikita baƙo a ranar farko. Hanya biyu ce. Ta farko, ka je wurin na'urar sayar da tikiti, ka mai da harshenta Turanci, ka taɓa layin da kake so, ka taɓa sunan tashar, ka sa kuɗi. Abin da za ta tofo maka ba takarda ba ce, 'yar kwandalar roba ce shuɗiya, mara nauyi, mai saurin ɓata a aljihun babbar riga. Wajen shiga ka ɗora ta kan allon ƙofar, ƙofa ta buɗe, ka riƙe abarka. Wajen fita kuwa ba ɗorawa ake yi ba, jefa ta ake yi cikin wata 'yar kafa, ƙofar ta haɗiye ta. Za ka ga baƙo ya tsaya yana ta goga kwandala a allo, layi ya taru a bayansa. Na'urorin sun fi son sulalla da ƙananan takardun kuɗi, saboda haka kada ka dogara da takardar 50 ko 100 da mai canji ya ba ka.

Hanya ta biyu katin Touch 'n Go. Ka saya, ka zuba masa kuɗi, ka riƙa taɓawa a shiga da fita. Yana aiki a monorel, LRT, MRT, jirgin KTM Komuter mai zuwa garuruwan kewaye, da bas-bas ɗin Rapid KL, waɗanda ba sa karɓar tsabar kuɗi. Kuɗin tafiya da kati ya ɗan fi na kwandala sauƙi, amma babbar ribarsa ita ce tsallake layin na'ura. Kowane mutum da nasa katin, ba a shiga biyu da ɗaya. Wanda zai yi kwana biyu ya wuce, kwandala ta ishe shi. Wanda zai yi mako ko fiye, ya nemi kati tun ranar farko. Za ka ji ana maganar tikitin wata mai rahusa na My50. Wannan na 'yan ƙasa ne, kada ka sa rai. Bas-bas ɗin GO KL da a da kowa ke hawa kyauta, su ma tun farkon 2024 baƙo na biyan ringit 1.

Akwai wani tarko a taswirar jiragen da ya kamata a sani. Ba duk inda layuka biyu suka haɗu a takarda ne suka haɗu a ƙasa ba. A layin monorel, Hang Tuah da Titiwangsa ne kake canja jirgi ba tare da ka fita ƙofar tikiti ba: Hang Tuah zuwa LRT layukan Ampang da Sri Petaling, Titiwangsa zuwa waɗannan biyun da kuma MRT layin Putrajaya. A Bukit Bintang sunan tashoshin ɗaya ne, amma ɗaya na sama ɗaya na can ƙarƙashin ƙasa. Sai ka fita, ka sauko, ka sake biya. Bukit Nanas zuwa Dang Wangi tafiya ce a gefen titi. Medan Tuanku zuwa Sultan Ismail doguwar gada ce. Manhajar taswira za ta ce maka "canja a nan" kamar abu ne na taku uku. Idan tafiyarka na buƙatar irin wannan canji, sau da yawa gara ka nemi hanyar da ba ta bi ta monorel ba sam. Wasu tashoshin kuma za ka ga an liƙa musu sunan kamfani a gaba, kamar BBCC a gaban Hang Tuah. Tashar dai ita ce.

Ga mata masu tafiya su kaɗai: MRT layin Kajang na da taragon mata zalla tun 2023, KTM Komuter kuwa tun 2010, da alama mai ruwan hoda a ƙasa da jikin ƙofa. Namiji ya kula kada ya faɗa ciki cikin sauri. A ko'ina, ba a ci ba a sha a cikin jirgi, ana barin kujerun da aka ware wa tsofaffi da masu ciki, kuma a matakalar lantarki hagu ake tsayawa a bar dama ga masu sauri. Wajen tsallaka titi a ƙarƙashin tasha ka fara duba dama, don a hagu suke tuƙi. Jakar hannu kuma a rataye ta ta ɓangaren da ba na titi ba, saboda masu fizge a kan babur; 'yan garin da kansu suna yin wannan gargaɗi.

Salla ba ta zama matsala a kowace hanya ka bi. Kusan kowane babban kanti na da ɗakin salla, ka nemi alamar da aka rubuta Surau. Abin da zai ba ka mamaki shi ne lokutan: agogon ƙasar na gaban na Najeriya da awa 7, kuma an tura shi gaba da rana, shi ya sa azahar sai wajajen ƙarfe 1 ko bayan haka, magariba sai wajajen 7 ko bayan haka. Don Juma'a, mai bin monorel na da masallacin Al-Bukhary a Hang Tuah. Masjid Jamek, wanda aka buɗe a 1909 a mahaɗar kogunan Klang da Gombak, yana da tashar LRT mai sunansa. A harabar KLCC ma akwai masallacin As-Syakirin. Abinci kuwa, a Bukit Bintang akwai lungun Larabawa da gidajen cin abincin Yaman da Sham da Iraƙi. Shahararren titin abincin dare na Jalan Alor, da kowane ɗan yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa, yawancin rumfunansa na Sinawa ne kuma ana sayar da naman alade da giya, sai ka duba alamar halal kafin ka zauna. Wanda ke son abincin Malayawa hankali kwance, ya sauka Chow Kit ya taka zuwa Kampung Baru.

Duk wannan lissafi, a ƙarshe wurin kwananka ne ke yanke shi, shi ya sa ya kamata a duba taswirar jirgi kafin a biya kuɗin otal. Idan masaukinka na tsakanin Imbi da Chow Kit, kusa da titin da layin ke bi, monorel zai zama abin hawanka na yau da kullum ko ka so ko ka ƙi, kuma zai yi maka daidai: tasha biyu zuwa kasuwa, tasha uku zuwa abinci. Chow Kit da Medan Tuanku sun fi araha, Bukit Bintang da Raja Chulan sun fi tsada da hayaniya. Idan harkarka a wajen gari take, jami'a a Gombak ko Serdang ko Kajang, ofis a Putrajaya, ko 'yan'uwa a Petaling Jaya, to ka nemi ɗaki kusa da KL Sentral ko Pasar Seni, inda manyan layukan suke haɗuwa, ka bar monorel ya zama na ranar hutu. Idan da mara lafiya ka zo, ka manta da taswirar baki ɗaya, ka kama ɗaki mafi kusa da asibitin ka riƙa kiran mota.

Jiragen duka suna fara aiki ne da ƙarfe 6 na safe su tashi wajajen sha biyun dare, kuma jirgin ƙarshe na barin wasu tashoshin kafin lokacin. Bukit Bintang kuwa a sha biyun dare ma ba ta yi barci ba, saboda haka mai zama hira a can ya bar caji a wayarsa don kiran mota. Haka wanda jirginsa na komawa gida zai tashi da sassafe: monorel da MRT ba za su fitar da kai kafin 6 ba. Ka yi odar mota tun da dare, ka kuma ƙara awa guda a kan abin da manhaja ta nuna maka idan ranar aiki ce.